Waken da Ba Ya Ɓata Gari: Darasin Gina Jiki Daga Gadarif

Bahaushe ya ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Maganar tana da gaskiyarta a fagen tarbiyya, inda ake nufin mutum guda mai mugun hali kan jawo wa danginsa duka zagi. A fagen abinci kuwa hukuncin ya juye, domin garin dawa shi ne mai naƙasu, wake ne ke gyara shi. Dalilin haka yana cikin yadda jikin ɗan Adam ke gina kansa, kuma da wuya a sami wurin da ya fi dacewa a auna wannan magana kamar Gadarif, jihar nan ta gabashin Sudan mai iyaka da Habasha, wadda ake yi wa kirari da rumbun ƙasar.

Gadarif da dawarta

Ƙasar Gadarif shimfiɗaɗɗiya ce, baƙar laka mai tsagewa da rani, mai riƙe ruwa da damina. A tsakiyar shekarun 1940, wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila suka fara noma da tarakta a yankin Gadambaliya domin ciyar da sojojinsu da ke gabashin Afirka. Daga nan noman inji ya bazu. A 1968 gwamnati ta kafa hukuma ta musamman mai kula da shi, ana yanka gonaki masu faɗin fadan dubu ko fiye, fadan ɗaya kuwa ya ɗan gaza rabin hekta. Amfani biyu ne suka fi mamaye waɗannan filaye: dawa, wadda mutanen Sudan ke kira dura, da riɗi, wanda suke kira simsim. Dawa ita ce ta ciki, da ita ake yin kisra da asida. Riɗi kuwa na aljihu ne, ana cinikinsa a babbar kasuwar amfanin gona ta birnin Gadarif, kaso mai yawa ya bi hanyar Fot Sudan zuwa ƙasashen waje.

Hausawa suna cikin waɗanda guminsu ya gina wannan arziki. Wasu zuriyar mahajjata ne da suka bi hanyar gabas a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba, zama ya zaunu. Wasu jikokin masu hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kwanta dama, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau kusa da Sinnar. Sun isa can da harshensu da fartanyarsu da tukunyarsu, har gasasshen naman nan mai yajin ƙuli da ake kira agashe ya zama abin marmarin 'yan ƙasar baki ɗaya.

A 'yan shekarun nan bakunan da rumbun ke ciyarwa sun ƙaru matuƙa. A watan Nuwamba na 2020 aka sake buɗe sansanin Um Rakuba domin masu gudun hijira daga yaƙin Tigirai. Yaƙin da ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023, da faɗuwar Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara, sun kwararo da dubban ɗaruruwan mutane zuwa jihar. Duk mai maganar ciyar da wannan jama'a da buhu yake lissafi, kuma ba a ga laifinsa ba. Sai dai jiki yana da nasa ma'aunin, wanda bai san buhu ba.

Tubalan jiki

Abin da Hausawa ke kira abinci mai gina jiki, masana kimiyya suna nufin mai ɗauke da furotin. Tsoka furotin ce, haka gashi da farce, da sinadaran da ke narkar da tuwo a hanji, da garkuwar da ke yaƙi da cuta a cikin jini. Kowane furotin doguwar sarƙa ce ta ƙananan tubala da ake kira amino asid. Kowane tubali yana ɗauke da kabon da haidurojin da oksijin da naitirojin, biyu daga cikinsu kuma suna da farar wuta a jikinsu. Tubalan iri 20 ne, kuma sai da aka shafe fiye da ƙarni guda kafin a gama gano su: an fara da asfarajin a Faransa a 1806, aka rufe da tiriyonin a Amurka a 1935.

Ɗalibin Hausa ba zai sha wahalar fahimtar yadda abu 20 ke haifar da dubban furotin ba, domin ya san yadda baƙaƙe da wasula 'yan kaɗan ke haifar da ƙamus guda. Abin da ke bambanta kalma da kalma shi ne waɗanne haruffa aka zaɓa da yadda aka jera su. Haka furotin yake. Insulin, mai daidaita sukari a jini, tubala 51 ne; Frederick Sanger ya gama karanta jerinsu a tsakiyar shekarun 1950, aka ba shi kyautar Nobel a 1958. Himogulobin, mai ɗaukar iska a jajayen ƙwayoyin jini, tubala 574 ne cikin sarƙoƙi huɗu.

Tsarin jerin yana rubuce a cikin DNA, kundin da ke ajiye a cibiyar kowace ƙwayar halitta, da haruffa huɗu kacal. Kundin ba ya fita daga ɗakinsa, kamar yadda malami ba ya ba almajiri kundinsa ya tafi da shi tsangaya. Sai a kwafi abin da ake bukata a kan wani allo mai suna RNA, a fita da shi, idan an gama a wanke. A waje akwai magini mai suna ribozom, wanda ke karanta allon harafi uku-uku. Kowane rukuni na haruffa uku sunan tubali ɗaya ne. Rukunan 64 ne: 61 suna kiran tubali, uku kuma aya ce mai cewa a tsaya nan. Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei ne suka fara warware ɗaya daga cikinsu a 1961. Duk tubalin da magini ya kira, akwai wani ƙaramin ɗan dako da ke kawo shi, a ɗaura shi a kan na baya, a kira na gaba. Idan sarƙa ta cika sai ta naɗe ta ɗauki siffa, siffar ce kuma ke ba ta aikinta.

Kuskure ɗaya a wannan jeri ba ƙaramin abu ba ne. Mai rubutun Hausa ya san ƙugiya guda ce tsakanin baki da baƙi, tsakanin kafa da ƙafa. Cutar amosanin jini, wato sikila, wadda Hausawan Kano da na Gadarif duka suka san zafinta, irin wannan ce. A ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin mai tubala 146, tubali na shida ne kawai ya sauya, balin ya shiga gurbin gulutamik asid, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a tsakanin 1956 da 1957. A nan kam karin maganar wake ta yi daidai.

Abin da magini ba ya iya yi

Daga cikin tubalan 20, jikin mutum yana iya ƙera 11 da kansa. Sauran tara sai ya ci su: histidin, aisolusin, lusin, laisin, metiyonin, fenilalanin, tiriyonin, tiriftofan da balin. Magini ba ya musanya tubali da wani, ba ya kuma tsallake gurbi. Idan allo ya kira laisin aka rasa, aiki ya tsaya, ko da sauran 19 suna jibge. Jiki kuwa ba shi da rumbun ajiye amino asid irin yadda yake ajiye kitse. Rarar da ba a yi gini da ita ba sai a ƙone ta a matsayin makamashi, naitirojin ɗinta ya bi fitsari. Idan rashin ya daɗe, jiki ya koma rushe tsokarsa domin ya sami abin yin ayyukan da ba su jira.

Furotin dawa yana da ƙarancin laisin. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar a 2007 ya nuna babban mutum yana bukatar miligiram 45 na laisin cikin kowane giram na furotin da ya ci, yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu kuma fiye da 50. Furotin dawa kusan 20 yake bayarwa, bai kai rabi ba. Ana iya lissafa shi ta wata fuska. Rahoton ya ƙayyade miligiram 30 na laisin a kullum ga kowane kilo na nauyin babba, ke nan mai nauyin kilo 60 yana bukatar 1,800. Giram 100 na dawa yana ɗauke da ɗan abin da ya haura 200. Wanda ya dogara da dawa kaɗai sai ya ci wajen giram 800 a yini kafin ya cike gurbin. Ƙato mai aikin gona yana iya kusantar haka. Yaron da aka yaye, mai ɗan ƙaramin ciki, wanda ake ba kunu tsararo, ba shi da hanyar yin wannan.

Akwai matsala ta biyu. Mafi yawan furotin dawa wani iri ne da ake kira kafirin, wanda ke ƙulle kansa idan an dafa shi da ruwa, hanji ya kasa warware shi sosai. Wani bincike da aka yi da yara a ƙasar Feru, aka buga a 1981, ya gano kashi 46 cikin ɗari kawai na furotin dawa jikinsu ya sha, alhali na alkama ya kai 81.

Wani zai ce ai Gadarif tana da riɗi, mai furotin kusan kashi 20 cikin ɗari. Gaskiya ne, kuma riɗi yana da wadatar metiyonin. Amma shi ma laisin ɗinsa kaɗan ne. Manyan amfanin gonar jihar guda biyu ciwonsu ɗaya, don haka ɗaya ba ya maganin ɗaya. Gyaɗa ta ɗan fi su, ita ma ba ta cike gurbin. Mai cike shi shi ne wake, wanda ake kira lubiya a Sudan, da 'yan uwansa irin ful da adas, sai kuma nono da nama da kifi da ƙwai. Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa furotin ne, kuma laisin da ke cikin giram 100 nasa ya ninka na dawa kusan sau bakwai. Shi kuma wake metiyonin ne ya yi masa ƙaranci, abin da dawa da riɗi ke kawo masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da tukunya ta riga ta sani

Kakannin Hausawa ba su san sunan laisin ba, amma abincinsu ya nuna sun lura da abin da ke riƙe jiki. Koko ba ya tafiya sai da ƙosai. Fura sai da nono. Ɗanwake garin wake ne haɗe da na hatsi ko rogo. Miyar kuka ba ta cika sai da daddawa, wadda 'ya'yan ɗorawa ne masu furotin. A gona ma haka: manomin Kano ko Katsina ko Maraɗi yana shuka wake a tsakanin kunyoyin gero da dawa, shi ya sa Nijeriya da Nijar ke kan gaba a duniya wajen noman wake.

Matan Sudan su ma suna da nasu ilimin. Ƙullun kisra sai ya kwana ya yi tsami kafin a toya, kuma tsamin nan yana sassauta ƙullin kafirin. An gwada wani kunun dawa mai tsami na Sudan da ake kira nasha, aka buga sakamakon a 1986: abin da yara suka sha daga furotin ɗinsa ya haura kashi 70 cikin ɗari. Sai dai binciken ya nuna har yanzu laisin ne ke ja da baya. Tsami yana buɗe ƙofar rumbu, amma ba ya zuba abin da babu a ciki da yawa.

Akwai kuma alaƙa tsakanin gona da jiki wadda ba a cika lura da ita ba. Naitirojin da ke cikin kowane amino asid daga ƙasa tsiro ke ɗauko shi. Dawa tana zuƙe shi ba ta mayarwa. Wake kuwa yana da wasu ƙananan ƙulluka a saiwarsa, inda wasu ƙwayoyin halitta ke kamo naitirojin daga iska. Gonar da aka yi ta shuka wa dawa shekara da shekaru tana gajiya, ƙuduji ya mamaye ta, wanda manoman Sudan ke kira buda, kuma kukan da manoman Gadarif suka daɗe suna yi ke nan. Shukar da ƙasa ke nema ita ce dai wadda cikin yaro ke nema.

Hujjojin masu ja

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce, a lokacin yaƙi da gudun hijira, maganar laisin kamar alatu ce. Wanda bai sami tuwo ba ba ya tambayar wake. Kimiyya ma tana goyon bayansu zuwa wani mataki, domin jikin da bai sami isasshen makamashi ba zai ƙone furotin ɗin da aka ba shi maimakon ya yi gini da shi. Don haka hatsi ne farko. Amma gudun hijirar Sudan ba ta mako biyu ba ce. Yaron da aka haifa a Um Rakuba a 2021 a can ya yi shekarun da ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa suka fi saurin girma, kuma tsumburewar da aka yi a shekaru biyun farko da wuya a rama ta daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hukumar Abinci ta Duniya ta san haka, shi ya sa rabon da take yi bisa ƙa'ida ya ƙunshi hatsi da dangin wake da mai da gishiri. Abin tsoro shi ne, idan kuɗi suka yi ƙaranci, a ɗauki dangin wake a matsayin ƙari da za a iya yafewa.

Hujja ta biyu ta manyan manoma ce: tarakta ta saba da dawa, wake kuwa yana son hannu wajen roro, ga ƙwari a gona, ga gunda a rumbu. Wannan ma gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a mayar da gonar fadan dubu ta wake dare ɗaya. Amma juya shuka a wani yanki na gona abu ne mai yiwuwa, ƙananan manoman ƙauyuka kuwa, waɗanda Hausawa da yawa ke cikinsu, ba su taɓa barin wake ba. Abin da suka rasa shi ne iri mai kyau, da bashin noma, da wurin ajiya. Buhunan nan masu ruɓi uku da ke kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe iska, waɗanda aka yaɗa a Nijeriya da Nijar, ba su fi ƙarfin manomin Gadarif ba.

Hujja ta uku ita ce a bar wa masu binciken iri su gyara dawar kanta. An gwada. A 1973 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka suka gano wasu irin dawa biyu daga Habasha masu yawan laisin, amma ƙwayarsu ba ta cika, amfaninsu a gona kaɗan ne. Nasarar da ta fi shahara a Sudan ita ce Hajin Dura 1, irin da Gebisa Ejeta ya samar aka fitar a 1983, kuma albarkarsa ta yawan amfani ce da jure fari. Bincike yana ci gaba, amma yaron da ake yayewa bana ba zai jira shi ba, ga kuma wake a kasuwa.

Ya kamata a yi adalci a wani wuri. Ba kowace tamowa ce rashin furotin ke haifarwa ba. Cutar nan mai kumbura jiki da jan gashi, wadda likita Cicely Williams ta bayyana a ƙasar da ake kira Gana a yau, ta kuma yi amfani da sunanta na harshen Ga, kwashiyoko, a 1935, har yanzu masana suna muhawara kan ainihin musabbabinta. Gudawa da zazzaɓin cizon sauro da rashin ruwa mai tsafta duk suna da hannu a lalacewar yara. Wake ba layar tsari ba ce. Abin da ya tabbata shi ne, magini ba ya gini da tubalin da ba a kawo masa ba.

Abin da ya kamata

Ya kamata masu tsara noma a Gadarif su riƙa auna damina da ma'auni biyu, yawan buhunan dawa da kuma abin da za a ci da ita. Bankin da ke ba manomi bashi domin dawa da riɗi ya buɗe ƙofa ga wake. Masu raba agaji su riƙe kason dangin wake kamar yadda suke riƙe na hatsi, musamman ga masu ciki da masu shayarwa da yaran da aka yaye. Tunkuzar riɗi da ta gyaɗa, wadda ake kira umbaz ana ba dabbobi, tana komawa nono, nonon kuma ya kamata ya fara isa bakin yaran jihar kafin ya wuce wani wuri.

A cikin gida kuwa gyaran bai da tsada. Uwar da ke dama wa yaro kunun dawa ta bar ƙullun ya yi tsami, ta zuba garin soyayyen wake gwargwadon kashi ɗaya cikin uku ko huɗu, ta ƙara ɗan riɗi ko gyaɗa, da nono idan ya samu. Ba dole ne a haɗa su a kwano ɗaya ba, in dai an ci su a yini guda.

Wannan bayani ba zai isa ga uwar ba muddin yana kulle cikin Turanci ko Larabcin littafi. Hausar da ake yi a unguwannin Gadarif tana da tubali da magini da allo da baƙi, kuma sun isa a bayyana aikin ribozom ga wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Ɗaliban da ke nazarin karin magana da habaici da sigogin aikatau su ne suka fi cancanta su ɗauki wannan aiki, su tace kalmomin, su kai su rediyo da makarantun Islamiyya da asibitocin awon ciki. Idan aka yi haka, ranar da malamar asibiti za ta ce wa uwa ta ƙara wake a kunun ɗanta, uwar za ta san dalili, ba za ta ɗauke shi a matsayin abincin talaka da ake lallaɓa ta da shi ba.